NA'URA TA SHIGA AJI: SU WA KE RIƘE DA MUDU?

Jama'a, kowa ya san al'adar kasuwa. In mai hatsi ya sauke buhunsa ya ce dawarsa ta cika, mai saye ba ya tsayawa gardama da shi, sai ya ce a kawo mudu. To, a zamanin nan makarantun duniya sun zama wata babbar kasuwa. Kowace shekara sai an fito da sabuwar na'ura, ko kwamfuta, ko manhajar wayar hannu, a ce ita ce za ta koya wa yaro karatu da lissafi cikin ɗan lokaci kaɗan. Gwamnatoci suna zuba kuɗi, iyaye suna tsuke bakin aljihu su saya, malami kuwa shi a ke miƙa wa kayan a ce ya yi aiki da su. Abin tambaya shi ne, wa ke riƙe da mudu?

Akwai masu wannan aiki. Malamai ne na jami'a waɗanda sana'arsu ke nan: su koya wa malaman makaranta yadda a ke aiki da na'urori a cikin aji, sa'an nan su bincika su gano wace na'ura ce ke ƙara wa yaro ilmi, wace ce kuwa kyan kai kawai gare ta. Mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatunmu, musamman malaman makaranta da ma'aikatan ofisoshin ilmi, asalin wannan sana'a, da yadda a ke shiga ta, da daɗinta da wuyarta, gama ƙofa ce da ke buɗe gare su, da yawa kuwa ba su san da ita ba.

ASALIN SANA'AR

Abin ya samo asali ne daga Amurka, tun kafin a ƙera kwamfuta. A shekarar 1926 wani malami a Jami'ar Jihar Ohio, mai suna Sidney Pressey, wanda fanninsa nazarin tunani da halin ɗan Adam ne, ya buga bayanin wata na'ura da ya ƙera mai kama da tafireta. Tana da 'yar taga wadda ke nuna wa ɗalibi tambaya da amsoshi huɗu. In ya danna amsar daidai sai ta wuce zuwa tambaya ta gaba, in ya yi kuskure sai ta tsaya cik har ya gyara. Na'urar ba ta yi kasuwa ba, amma ta bar dabara a baya.

Wanda ya farfaɗo da dabarar shi ne B. F. Skinner na Jami'ar Harvard. A 1953 ya kai ziyara ajin 'yarsa a makarantar firamare, ya zauna yana kallon darasin lissafi. Ya lura da abu biyu waɗanda kowane malami ya san su. Na farko, mai saurin ganewa da mai nawa duk tafiya ɗaya a ke yi da su. Na biyu, yaro ya kan yi lissafinsa yau, ba zai san ko ya yi daidai ba sai an duba littafinsa gobe ko jibi. A 1954 ya fito da tasa na'urar, wadda ke gutsura darasi ƙanana-ƙanana, tana kuma ba yaro hukuncin amsarsa nan take.

Kwamfuta ta shigo cikin maganar a 1960, sa'ad da wani saurayin injiniyan lantarki, Donald Bitzer, ya kafa tsarin da a ke kira PLATO a Jami'ar Illinois, inda ɗalibi ke zama gaban allon gilashi yana ɗaukar darasi daga babbar kwamfuta. Amma wanda ya juya tunanin jama'a shi ne Seymour Papert. An haife shi a Afirka ta Kudu a 1928, ya ƙware a lissafi, sa'an nan ya yi shekara biyar a birnin Geneva yana aiki tare da Jean Piaget, mashahurin masanin yadda hankalin yara ke girma. A 1963 ya koma babbar makarantar fasaha ta MIT a Amurka. Daga baya shi da abokan aikinsa, Wally Feurzeig da wata mace mai suna Cynthia Solomon, suka ƙago harshen kwamfuta na yara mai suna Logo a 1967. Yaro ya kan ba wani ɗan kunkuru umurni, ya ce masa yi gaba taki kaza, juya dama, har ya zana murabba'i ko da'ira. Ra'ayin Papert shi ne a bar yaro ya koya wa na'ura abin da za ta yi, domin wanda ke ƙoƙarin bayyana wa wani abu dalla-dalla, shi ma ya kan gane shi sosai.

Masu karatu za su lura cewa mutanen nan ba ta ƙofa ɗaya suka shigo ba. Biyu masana halin ɗan Adam ne, ɗaya injiniya, ɗaya malamin lissafi. Har yau haka sana'ar ta ke, mahaɗar hanyoyi ce. Ingila kuwa ta gina mata gida na kanta. Da aka kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a ta ƙasar a 1969, mai koyarwa ta wasiƙa da rediyo da talabijin, sai a 1970 aka kafa mata cibiya ta musamman ta nazarin fasahar koyarwa, domin ta riƙa duba ko darussan suna isa ga ɗalibai yadda a ke so.

MAI CEWA A DAKATA

Akwai wata ƙofa ta dabam, ita ce kuwa ta fi dacewa da masu karatunmu, watau ƙofar aji. Larry Cuban ya yi shekara 14 yana koyar da tarihi a makarantun sakandare na Amurka, ya yi shekara bakwai yana shugabancin makarantun wata gunduma, kana ya zama farfesa a Jami'ar Stanford. A littafinsa na 1986 ya bi tarihin majigi da rediyo da talabijin a cikin makarantu, ya nuna cewa labarin ɗaya ne kullum. Sabuwar na'ura ta kan zo da kiɗa da kirari, hukuma ta saya, malamai su ɗan taɓa, daga baya a kulle ta a sito, sa'an nan a ɗora wa malami laifi a ce shi ne ba ya son ci gaba. Cuban ya ce a sake duba lamarin. Malami yana da yara da yawa, da lokaci ƙayyadadde, da manhajar karatu wadda tilas ya gama. Abin da ya sauƙaƙa masa wannan nauyi, kamar allo da littafi, ya kan riƙe shi. Abin da ya ƙara masa wahala kuwa ya kan ajiye shi, kuma yana da hujja. Ba kowa zai iya ganin haka ba sai wanda ya sha ƙurar alli.

Abin da ya faru a ƙasar Peru ya gaskata shi. A 2005 Nicholas Negroponte na MIT ya shelanta shirin ba kowane yaro na ƙasashe matalauta 'yar ƙaramar kwamfuta mai araha. Duniya ta ɗauka. A nan Nijeriya ma an gwada shirin a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007. Peru ta sayi kwamfutocin fiye da 800,000. To, sai masu bincike suka shiga da mudunsu. Suka bi makarantun ƙauye 319, waɗansu an ba su kwamfuta, waɗansu ba a ba su ba. Bayan wata 15 aka yi wa yaran jarrabawa. Rahoton da aka fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa kwamfuta, an kuma ga ɗan ƙarin kaifin tunani, amma a lissafi da karatun harshe ba su fi takwarorinsu da komai ba. Da an yi awon nan kafin a saya, da kuɗin ya tafi wata hanya.

YADDA A KE AWON

Kada mai karatu ya ɗauka cewa aikin malaman nan kushe na'ura ne. Mudu ba ya gaba da kowa, abin da aka zuba masa shi ya ke nunawa. Ga yadda su kan yi. In ana so a san amfanin wata dabara, sai a samo yara ko ƙauyuka masu yawa, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada son rai ya shiga, kada kuma a tara masu ƙoƙari a gefe ɗaya. A yi wa kowa jarrabawa tun farko. Sa'an nan a ba kashi ɗaya sabuwar dabara, ɗaya kashin ya ci gaba yadda ya saba. Bayan watanni a sake jarrabawa. Bambancin da aka gani, na dabarar ne.

Da wannan hanya Farfesa Karthik Muralidharan da abokan aikinsa biyu suka gwada wata manhaja mai suna Mindspark a birnin Delhi na Indiya, da yara 619 'ya'yan talakawa. Sun tarar yawancin yaran suna baya ƙwarai da ajin da su ke, ga kuma bambanci mai yawa tsakanin yaro da yaro a cikin aji guda. Manhajar ta kan fara gano inda kowane yaro ya tsaya, ta ɗauko shi daga nan, ko da yana aji shida iliminsa na aji uku ne. Cikin wata huɗu da rabi yaran da suka ci ƙuri'a suka wuce sauran sosai a lissafi da harshen Hindi. An buga sakamakon a 2019. Ga kwamfuta a Peru, ga kwamfuta a Delhi, amma ɗaya an miƙa ta ne kawai, ɗaya kuwa an ba ta aikin da malami ɗaya ba zai iya yi wa yara hamsin a lokaci guda ba.

Misali na uku a ƙofar gidanmu ya ke. A 2009 da 2010 wata malamar jami'a Ba'amurkiya, Jenny Aker, da abokan aikinta suka bi azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙauyuka 113 na jihohin Dosso da Damagaram a Jamhuriyar Nijar, inda a ke koya wa manya karatu da Hausa da Zabarmanci. A wajen rabin ƙauyukan an ƙara abu ɗaya: an koya wa ɗalibai aiki da ƙaramar wayar hannu, yadda za su gane lambobi da haruffa a jikinta, su rubuta saƙo su aika. Da aka yi jarrabawa sai ɗaliban waɗannan ƙauyuka suka fi sauran a rubutu da lissafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya koyi haruffa ya koma gida ba abin karantawa, mantuwa ke jiransa. Wanda kuwa ke rubuta wa ɗansa da ya tafi ci rani saƙo, ko ya tambayi farashin wake a kasuwar gaba, kullum yana bita bai sani ba.

MATAKAN HAWA

To, yaya mutum zai kai ga wannan matsayi? A Nijeriya hanyar a shimfiɗe ta ke. Malami mai takardar NCE yana iya shiga jami'a kai tsaye a shekara ta biyu ya yi digirin farko a fannin ilmi. Wanda digirinsa na kimiyyar kwamfuta ne, ko lissafi, ko harshe, sai ya ƙara da babbar difloma ta koyarwa. Daga nan sai digiri na biyu a fannin fasahar koyarwa, wanda ke da sashe na kansa a jami'o'i kamar ta Ilori da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. Sa'an nan digiri na uku, wanda jama'a ke kira digirin digirgir. Shi wannan ba a samunsa da haddar littafi. Tilas mutum ya ɗauki tambaya guda wadda ba a amsa ta ba, ya yi shekara uku ko fiye yana binta, ya rubuta kundi, ya kuma kare shi a gaban malamai, har da wanda aka gayyato daga wata jami'a.

Muƙaman aikin bakwai ne. A kan fara da mataimaki mai digiri ɗaya, sai mataimakin lakcara, sai lakcara mai daraja ta biyu, sai mai daraja ta ɗaya, sai babban lakcara, sai mataimakin farfesa, sai farfesa. Bisa ga al'ada a kan yi aƙalla shekara uku a kowane mataki, kuma yawancin jami'o'i ba su ba mutum muƙamin babban lakcara sai yana da digiri na uku. Daɗewa kaɗai ba ta hawar da mutum. Abin da a ke dubawa shi ne koyarwarsa, da hidimarsa ga jami'a da jama'a, da kuma binciken da ya buga a mujallun masana, inda ba a karɓar maƙala sai waɗansu ƙwararru sun tace ta ba tare da an gaya wa marubucin ko su wane ne ba. In an zo matakai biyu na ƙarshe, a kan aika da rubuce-rubucensa ga farfesoshin waɗansu jami'o'i su yi hukunci. Ga wanda ya riga ya kama aiki a babbar makarantar gwamnati, asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, ya kan ɗauki nauyin ƙarin karatun malamai. Farfesa kuwa, bisa dokar 2012, yana iya aiki har ya cika shekara 70.

Wuraren aikin ba jami'o'i kaɗai ba ne. Akwai kwalejojin horon malamai. Akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976, mai horad da malamai daga nesa. Akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka sake buɗewa a farkon ƙarnin nan. Daga 2016 zuwa 2021 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ne ya shugabance ta, mutumin da ya zama farfesa a fannin koyar da kimiyya, daga baya kuma ya sake zama farfesa a fannin sadarwa da al'adu.

WUYAR AIKIN

Ba za mu ɓoye wa kowa ba, sana'ar tana da ƙaya. Ta farko ita ce gudun zamani. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2023 ya nuna cewa kayan fasahar koyarwa su kan sauya kamanni kusan kowane wata 36. Mai digiri na uku kuwa ya kan ɗauki irin wannan lokaci, ko fiye, kafin ya gama kundinsa. Saboda haka wanda ya ɗaura bincikensa ga sunan wata na'ura, kafin ya gama ta zama tsohon yayi. Mai hikima ga yaro ya ke ɗaura nasa: me ke sa ya gane, me ke sa ya manta. Wannan tambaya ba ta tsufa.

Ƙaya ta biyu ita ce kuɗin 'yan kasuwa. Rahoton nan ya ce shaidu da yawa na amfanin kayan nan daga masu sayar da su su ke fitowa. Kamfani ya kan zo wa malami da kuɗin bincike, da na'urori kyauta, da tikitin jirgi zuwa taro. Ba laifi ba ne a yi aiki da kamfani, amma tilas malami ya bayyana wanda ya biya, ya kuma buga sakamakon ko da bai yi wa mai kuɗin daɗi ba. Mai awon da ya bari aka lotsa masa gindin mudu, ya cuci kasuwa duka.

Ta uku ta gida ce. Albashi bai taka kara ya karya ba, ɗalibai sun yi yawa, wutar lantarki ba ta tsayawa, ga yajin aiki, wanda a 2022 ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas. Ga kuma waɗansu mujallu na bogi a intanet, masu buga kowace irin maƙala in dai an biya. Mai gaggawar hawa ya kan faɗa hannunsu, ya tara takardu ba ilmi. Sannu ba ta hana zuwa.

ABIN DA KE JIRAN 'YA'YANMU

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Binciken Delhi na yaran Delhi ne, kuma abin da ya yi amfani a inda wuta ba ta ɗaukewa ba lalle ne ya yi amfani a ajin da yara ɗari ke zaune a ƙasa ba. Muna da tambayoyi namu na kanmu. A 2020, da annobar korona ta rufe makarantu, jihohi kamar Kano da Kaduna sun koma ba da darasi ta rediyo da talabijin. Wane irin darasi ne ya fi shiga kan yaro ta rediyo, kuma wa ya kamata ya zauna kusa da shi? Tun 2015 jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Maki nawa ɗan ƙauye ke asara don hannunsa bai saba da na'urar ba, alhali ya san amsa? Tun ƙarshen 2022 manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT, suna rubuta wa ɗalibai amsa cikin ƙiftawar ido. In an tambaye su da Hausa, amsarsu ta kai ingancin ta Turanci? Almajirin da ya iya ajami, ko yarinyar da aka yi wa aure ba ta gama makaranta ba, me wayar da ke hannunsu za ta iya yi musu? Wanda zai amsa waɗannan tilas ya ji Hausa, ya san yadda a ke sallama a zauren mai gari, ya kuma san ƙa'idar awo.

Saboda haka muna kira ga hukumomin ilmi, duk sa'ad da za a sayi na'urori, a ware wani kaso na kuɗin don a gwada su a 'yan makarantu tukuna, a kuma ba malaman jami'o'inmu aikin gwajin. Ba a cinikin biri a sama. Muna kira ga jami'o'i su buɗe ƙofa ga tsofaffin malaman firamare da sakandare, maza da mata, gama shekarun da suka yi a aji jari ne.

Kai kuwa malami, in abin ya ba ka sha'awa, ba sai ka jira takardar shiga jami'a ba. Sami littafi guda ka keɓe shi. Duk sabuwar dabarar da ka gwada, ko rediyo ne, ko waya, ko kwamfutar da aka kawo makarantarku, yi wa yaranka 'yar jarrabawa kafin ka fara, ka sake yi bayan ka gama, ka rubuta abin da ka gani ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba. Ka nemi takwaranka na aji na kusa ku kwatanta. Ranar da ka je neman digiri na biyu, littafin nan zai yi maka magana. Allah ya ba mu malamai masu riƙe mudu da gaskiya, amin.